Rauta ta Wuta ko MiFi ta Aljihu: Wacce Gida Zai Dogara da Ita a Gyadi-Gyadi da Tarauni?

Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre yana neman na'urar da za ta raba wa mutanen gidansa intanet, kafin a kai ga ciniki mai shago zai tambaye shi: "Alhaji, ta wuta kake so ko mai batir?" Ta wutar ita ce babbar rauta da ake jona wa soket a ajiye ta wuri ɗaya. Mai batir kuwa ita ce 'yar ƙaramar nan da ake kira MiFi, wadda ba ta cika tafin hannu ba. Dukkansu layin waya ake saka musu, dukkansu daga ƙarfen sabis na unguwa suke jawo intanet su watsa shi ta wayfay. Amma a majalisun Court Road da Darmanawa da Unguwa Uku an daɗe ana ja-in-ja kan wacce ce abin dogaro, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Maganar ta wuce ta ƙawa. A gida ɗaya za ka tarar da yaro yana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kawai ake rubuta ta, ga yayarsa da ke BUK tana sauke takardun darasi, ga uwargida tana tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp masu saye na jiran hoto da farashi, ga maigida ba ya son tafsirin azumi ya wuce shi, ga masu jiran Labarina a YouTube. Gyadi-Gyadi kuma, saboda maƙwabtakarta da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, cike take da ma'aikatan lafiya da ɗalibai 'yan haya, waɗanda aikinsu da karatunsu ba sa tafiya sai da intanet. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a farashinsu a watan Janairun 2025, lissafin ya fito fili ga duk mai iyali: mutum biyar kowa yana tsakurar datar kwana ɗaya a wayarsa ya fi cin kuɗi a kan a haɗa hannu a sayi babba ta wata guda a zuba a na'ura ɗaya.

Masu goyon bayan babbar rauta da ginin gidajenmu suke fara kafa hujja. Bulo ne da siminti, wani wurin rufin kankare da rodi a cikinsa, ƙofofi da tagogi na ƙarfe, sannan ga tsarin gidan Bahaushe: soro ko falon baƙi a gaba, tsakar gida, ɗakunan mata can ciki. Duk bangon da wayfay ya ratsa sai ya rage masa ƙarfi, ƙarfe kuwa ya fi komai tare shi. MiFi an ƙera ta ne don wanda ke zaune kusa da ita. Eriyarta ƙarama ce, ƙarfin watsawarta kuma an taƙaita shi don batir ya daɗe. Ka ajiye ta a falo, wadda ke ƙuryar ɗaki sanda ɗaya za ta gani a wayarta, tana zuwa tana ɓacewa. Babbar rauta tana da eriya mai ƙarfi ta fuska biyu, wadda ke kamo sabis daga waje da wadda ke watsa shi a cikin gida, wasu ma suna da mazubin eriyar waje da za a ɗaura a saman rufi a fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis. Yawancin MiFi waya 10 ne iyakarsu ko kusa da haka, kuma tun kafin a cika adadin sun fara jan ƙafa, alhali rauta takan ɗauki 30 ko fiye, kuma tana da kafar da za a jona talabijin ko kwamfuta kai-tsaye da waya.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura maki 40, batirin litiyam kuwa ba ya shiri da zafi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake mayar da MiFi rautar gida ƙarfi da yaji: a jona ta a caji dare da rana, wayoyi bakwai suna ja, ita kuma tana kan taga rana na dukanta. Wanda ya taɓa amfani da ita haka ya san ƙarshen abin. Murfin bayanta zai fara ɗagowa ta gefe ɗaya, a danna ya ƙi zama, a nemo robar ɗaure kuɗi a naɗe ta. Idan aka buɗe sai a ga batirin ya kumbura ya yi tsiri a tsakiya. Daga nan cajin awa shida ya koma na minti arba'in, kuma barin irin wannan batir a jone a ɗakin da yara ke kwana ganganci ne. Ita ma rauta zafi yana damunta, don yawancinsu maki 40 ne iyakar da masu ƙera su suka rubuta, amma tana da kafofin shan iska kuma ba ta ɗauke da abin da zai kumbura.

Hujjar da ta fi ratsa ni a wannan ɓangare ba ta fasaha ba ce. MiFi tana shiga aljihu, abin da ke shiga aljihu kuwa yana bin mai aljihun. Da safe maigida zai fita kasuwa ko ofis, ya tuna yana da taro ko yana jiran saƙo, sai ya zare ta daga caji ya tafi da ita. Datar da aka saya da sunan ta gida ce, wataƙila har da kuɗin uwargida a ciki, ta tafi Kantin Kwari ta wuni. Ita kuma da ke cikin gida, wadda sana'arta gaba ɗaya a waya take, sai ta koma aiken yaro sayo kati. Na san gidan da aka sha yin wannan magana: "Abban yara, don Allah yau ka bar mana abar nan, ina da masu jiran hotunan kaya." Shi kuma ya ce zai dawo da wuri, bai dawo ba sai bayan magariba. Ba mugunta ba ce. Na'urar ce aka yi ta don yawo. A unguwannin da mata da yawa suke neman na kansu daga cikin ɗaki, na'urar da ba ta fita ƙofar gida ita ce ta yi musu adalci.

Masu MiFi sukan saurari duk wannan, su yi tambaya ɗaya: da wace wutar? Nan ne ƙarfinsu yake, kuma ba ƙarami ba ne. Rauta ba ta san komai ba sai soket. Da zarar KEDCO ta ɗauke, fitilunta sun mutu, kuma ko an dawo da wutar sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta sake kama sabis, wanda ke tsakiyar cike fom ko tura kuɗi ya ga ta kansa. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, da alkawarin awa 20 a rana, aka raba unguwanni gida biyu: masu samun wuta suna kuka da tsada, sauran suna kuka da rashi. A watan Oktoban 2024 kuma, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. A waɗannan kwanaki mai MiFi ya kai ta wurin mai cajin waya a bakin titi ya biya kuɗin caji ɗaya, ko ya jona ta a fawa bank, ya ci gaba da harkarsa. Mai babbar rauta kuwa, in ba shi da sola ko inbata, sai dai kallo. Tayar da janareta don rauta kaɗai, bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba abu ne da mai hankali zai lamunta ba.

Suna da sauran hujjoji. MiFi ta fi araha nesa ba kusa ba. Ɗan haya da ke ɗaki ɗaya, wanda bana yana Daurawa baɗi yana Hotoro, ba ya buƙatar abin da zai ratsa bango huɗu. Kuma yawon nata da ake kuka da shi wani lokacin shi ne amfaninta: a gidan da sabis bai shiga sai ta taga ɗaya ko saman bene, za ka iya bin sa da ita har inda yake, ka rataye ta a jikin ƙarfen taga, abin da rauta mai igiya ba za ta yi ba sai an ja mata waya. Akwai kuma iyayen da suka zaɓi MiFi da gangan saboda tarbiyya. Sun ce intanet da ke kunne dare da rana a gida mai samari da 'yanmata ƙofa ce a buɗe, gara abin da uba zai kashe ya sa a ƙarƙashin matashinsa idan an yi sallar isha'i. Ban raina wannan damuwa ba ko kaɗan, duk mai 'ya'ya ya san ta.

To amma idan aka auna hujjar wuta da kyau, za a ga ta rage nauyi a 'yan shekarun nan. Rautar 4G ba ta da ci: yawancinsu bolt 12 suke amfani da shi, abin da suke ja kuma bai cika wuce wat 12 ba. Akwai 'yan ƙananan batura na musamman da ake sakawa tsakanin soket da rauta, suna caji idan da wuta, suna karɓar aiki nan take idan an ɗauke, ba tare da rautar ta ko ƙifta ba. Akwai igiyar da ke ɗaga wutar fawa bank daga bolt 5 zuwa 12. Akwai ma rautocin da suka zo da batirinsu a ciki. Gidan da ke da ko da ƙaramin faifan sola na fitila da fanka ba zai ji nauyin rauta ba. Mai MiFi zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne, kuma gaskiya ya faɗa. Zai ƙara da cewa wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi takan ƙone cajar rauta, wannan ma haka ne, shi ya sa bai kamata a jona ta kai-tsaye a bango ba tare da abin kariya ba. Amma kuɗi ne na sau ɗaya, shi kuwa batirin MiFi da aka mayar rautar gida sai an riƙa sauya shi. Game da tarbiyya kuma, rauta ta fi ba uba iko idan ya san shafin sarrafa ta: zai ga duk wayar da ke jone, ya cire wadda ya ga dama, a wasu ma ya sa lokacin da wayar yaro za ta daina samu da daddare, ba tare da ya yanke wa uwar yaron ba.

Ko an gama da wannan, akwai gardama ta biyu da ta ratsa ɓangarorin biyu: ta kamfani, wadda aka kulle a kan layi ɗaya, ko buɗaɗɗiya mai cin kowane layi? Wadda MTN ko Airtel ko Glo suka sayar da tambarinsu takan zo da rangwame da kyautar data, tana da garanti, akwai ofishin da za ka kai ƙara, kuma wasu manyan tsare-tsaren data an keɓe su ne ga layin da ya zo da na'urar kamfanin. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga mai lissafin wata. Sai dai sabis a Kano ba na unguwa ba ne, na lungu ne. Layin da ke gudu a bakin titin Zariya zai iya zama ba ya motsi a gida na uku cikin lungu, saboda wani bene ya tare shi ko ƙarfen da ke wurin ya cika da jama'a. Kuma abin da ke da kyau bana ba lallai ya kai baɗi ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanoni ba su jigata daidai wa daida ba. Wanda na'urarsa ke karɓar wani layin ya sauya ya lallaɓa, wanda tasa ke kulle ya jira.

A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Buɗaɗɗiya iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda aka ƙera ta haka tun daga masana'anta, irin na TP-Link da wasu na Huawei da ZTE, akwai kuma ta kamfani da masu gyara suka buɗe da kwamfuta. Ta biyun ta fi araha, amma garantinta ya tafi, kuma ba lallai ta kama duk zangon da sauran kamfanoni ke watsa 4G a kai ba. Kamfanonin ba zango ɗaya suke amfani da shi ba: Glo tana da na 700, MTN tana da na 800 da na 2600, na 1800 kuma kusan kowa yana kai. Na'urar da ba ta san zangon layinka ba, za ta karɓi layin, fitila ta kama, amma ta sauka zuwa 3G ka yi ta zargin kamfani. Haka abin yake ga na hannu da ake shigowa da su daga Turai ko Dubai, waɗanda aka yi su don zangon wata ƙasa. Araha ba ta ado.

Sai maganar 5G, wadda ta fi komai jan ido a kan kanta. A gwanjon da NCC ta yi a watan Disambar 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 don samun zangon, kuma Kano tana cikin biranen farko da MTN ta kunna shi a 2022. Airtel ta biyo baya a 2023. Inda ya kama da kyau, gudunsa ba a haɗa shi da na 4G, kuma ga mai aikin da ke tura manyan bidiyo ko gidan da ake kallo a talabijin biyu a lokaci guda, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma zangon da yake kai ba ya cin nisa kuma ba ya ratsa bango kamar na 4G. Rauta famfo ce kawai: in babu ruwa a bututun da ya iso ƙofarka, ko na zinariya ka ɗaura iska zai fitar. Gidan da 5G bai iso ba, na'urar za ta koma 4G, ka biya kuɗi mai yawa ka sami abin da maƙwabcinka ya samu da ƙasa da haka. Tana kuma cin wuta fiye da ta 4G, kuma data tana saurin ƙarewa a kanta, saboda YouTube da ire-irensa suna ɗaga ingancin hoto da kansu idan sun ga hanya a buɗe. A kuma lura da kwali: rubutun 5GHz ba 5G ba ne, zango ne na wayfay a cikin gida, mai sauri amma gajeren zango, abokin 2.4GHz wanda ya fi shi ratsa bango. Rautar da ke da duka biyun ta fi, amma wannan bai mayar da ita ta 5G ba.

Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, da wayar fayiba inda ta iso, duk suna nan ga mai hali. Kuɗin kayan da na wata da irin wutar da farantin Starlink ke ci sun fitar da shi daga lissafin yawancin gidajen da nake magana a kansu, don haka ba zan tsaya a kai ba.

Ni dai inda na karkata shi ne: gidan iyali, mai ɗakuna da mace mai sana'a da 'yan makaranta, rautar 4G buɗaɗɗiya tun daga masana'anta, haɗe da ɗan batirinta, ita ce ta fi cancanta a dogara da ita. Gwauro ko ɗalibi mai ɗaki ɗaya, ko wanda gidansa ke kwana biyu bai ga wuta ba kuma ba shi da sola, MiFi ta ishe shi, kuma ban ga dalilin da zai sa ya ji kunyar ta ba, muddin zai riƙa cire ta daga caji idan ta cika ya kuma raba ta da rana. Wanda kuma ya tabbatar layi ɗaya ne ke aiki a gidansa shekara da shekaru, ba laifi ya karɓi rangwamen kamfanin.

Wannan tabbatarwar ita ce aikin da mutane suka fi tsallakewa, alhali ba ta cin ko sisi. Kafin a sayi komai, a ari wayoyi masu layuka daban-daban daga 'yan'uwa da maƙwabta, a gwada su a cikin gidan. Kada a gwada da hantsi lokacin da kowa ya fita. A bari sai bayan isha'i, sa'ad da duk unguwa ta hau intanet ƙarfen sabis ya cika. Kada kuma a tsaya kallon sanduna, don sanda huɗu na iya cika amma bidiyo ya ƙi tafiya. A kunna bidiyo, a yi kiran WhatsApp na gani-da-ido, a bakin taga da tsakar gida da ƙuryar ɗaki. Mai sha'awar 5G ya nemi wanda ke da ita ya kawo ta gidan ta kwana. Idan an zo saye, a nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, a yi sharaɗin dawowa da ita idan ba ta kama ba, a kuma tambayi tsarin datar da ake cewa ba ta da iyaka: gig nawa za a ci kafin a rage mata gudu? Kusan dukkansu suna da wannan ƙa'ida a rubuce da ƙananan baƙaƙe. Wanda ya kai ƙorafi ga kamfani bai sami biyan buƙata ba, NCC tana da layin 622 na kyauta.

Idan ta iso gida, kada a ɓoye ta a bayan talabijin ko cikin kabad don gudun ƙura ko hannun yara. A ɗora ta a sama, inda iska ke ratsawa, kusa da tagar da gwaji ya nuna ta fi sabis, kuma gwargwadon iko ta fi kusa da ɗakunan cikin gida a kan falon baƙi, tunda a can masu amfani da ita suke wuni. Lokacin hunturu a riƙa goge kafofinta da busasshen ƙyalle. A ranar farko a sauya kalmar sirrin wayfay da ta shafin sarrafa ta, don wadda aka buga a ƙasan na'urar duk baƙon da ya ɗaga ta ya gani, kuma data da ke ƙarewa ba dalili sau da yawa tana bayan katanga ne. Kalmomin biyu kuma kada su tsaya a kan maigida shi kaɗai. A rubuta wa uwargida, a nuna mata yadda ake kashewa a kunna, da yadda ake zuba data da duba abin da ya rage, domin ita ce ke gida da rana tsaka lokacin da fitilar za ta koma ja.